Ruwan Ikeja a Gonar Inna

Idan ana ambaton manyan mutanen da Allah ya yi wa ƙasar Tsafe baiwa da su, ba a farawa da kowa sai Kwamared Sahabi Tukur. Shi ne Darakta-Janar na Ƙungiyar Matasa Masu Digiri ta Tsafe da Kewaye. Shi ya kafa ta, shi ya rubuta mata tsarin mulki, shi kaɗai ya tsaya takara, kuma cikin ikon Allah shi ya ci zaɓe. Mutum ne mai tafiya a hankali, don kada tunanin da ke kansa ya zube. Ba ya cewa ina kwana, sai dai ya yi maka fatan safiya mai amfani. Tabaransa ba na ciwon ido ba ne, na hangen nesa ne. Ya taɓa zuwa Abuja ɗaurin auren wani, kuma har yau Abuja ba ta gama fita daga muryarsa ba.

Mu 'yan ƙungiya muna alfahari da shi, domin ba mu da wani abin alfaharin. Dukanmu mun gama jami'a, mun yi bautar ƙasa, mun dawo gida da takarda a cikin leda. Ofishinmu gindin wani dogon yaro ne kusa da tashar mota. Nan muke zama tun hantsi muna warware matsalolin Afirka, mu tashi idan mai shayi ya buƙaci bencinsa.

Ni sunana Abdulaziz, kuma ina da dalilin rubuta tarihin wannan bawan Allah. Mahaifiyata, Inna Rakiya, gona ɗaya ta rage mata da ake iya zuwa, ta bayan gari. Ta wajen Bilbis mun bar wa Allah tun da daji ya daina shiguwa saboda 'yan bindiga. Tana kuma da irin gero wanda marigayi Babanmu ya yi shekaru yana zaɓa, zangarniya bayan zangarniya, gajere mai saurin nuna, wanda ba a samu a kasuwa. Da gonar nan da irin nan gidanmu yake ci. Bana aka damƙa su duka biyun a hannun kimiyya. Kimiyyar kuwa tana ƙarƙashin hammatar Kwamared Sahabi.

Tabilet ce. Ta hannu ce, ya sayo ta a Gusau, faɗinta ya kusa farantin tuwo, ya ɗinka mata rigar fata mai ninki. Ranar da ya fara kawo ta gindin dogon yaro bai buɗe ta nan take ba. Sai da ya ajiye ta a cinya, ya dafa ta da hannu biyu, ya jira muka yi shiru.

"'Yan uwana masu ilimi," in ji shi, "zamanin waya ya wuce. Waya ta 'yan acaɓa ce da masu sayar da kifi. Ku duba duk wani taron shugabannin duniya, za ku ga babu mai riƙe da abin da ke shiga aljihu. Girman tunani yana buƙatar girman fuska."

Muka tafa. Wasunmu suka mayar da wayoyinsu aljihu cikin jin kunya.

Abu na farko da aka gano game da wannan babbar na'ura shi ne ba ta da wurin sa layi. Ba ta kira, ba a kiranta. Wani ƙaramin mutum da ya ji an cuce shi. Darakta-Janar kuwa murmushi ya yi.

"Babban mutum ba a kiransa kai tsaye. Ta hannun wani ake bi."

Wanin nan ni ne. Da yake na'urar ba ta iya shiga intanet da kanta, sai wayata ta riƙa shayar da ita data ta iska, muddin suna kusa da juna. A ranar aka naɗa ni Daraktan Sadarwa. Aikina shi ne in bi bayan Shugaba duk inda ya sa ƙafa, kada in yi nisa, kada in yi kusa har in taka masa inuwa. Idan na ratse bayan katanga don yin fitsari, ci gaban Tsafe yakan tsaya har in dawo. Wannan ne aiki na farko da na samu tun da na gama makaranta, kuma na riƙe shi da gaskiya.

Abu na biyu ya fito ne a wani zama na musamman. Mansura, ma'ajiyar ƙungiya, wadda ba a taɓa ba ta komai ta ajiye ba, ta nemi a raba buhunan takin da muke fatan wata rana gwamnati za ta ba mu, tsakanin unguwanni. Shugaba ya ce wannan aikin ƙiftawar ido ne. Ya buɗe na'ura yana neman kalkuleta. Ya shafa hagu. Ya shafa dama. Ya juya ta a kwance, ya mayar da ita a tsaye. Ya goge tabarau. Babu kalkuleta. 'Yar wayar Inna mai madannai, wadda aka ɗaure da robar taya don kada batir ya faɗo, tana da kalkuleta. Tana da tocila, tana da rediyo, tana ma faɗin lokaci da murya. Ta Shugaba, da aka ci gaba da bincike, ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, kuma ba ta san ko za a yi ruwa ko rana ba.

"Wannan ita ce shaidar asali," in ji shi. "Kamfanin ya san wanda zai riƙe irin wannan na'ura ya wuce ƙananan lissafi. Na'urar tsara manufofi ce. An bar ta fili da gangan, kamar sabon fuloti, mai ita ya gina abin da ya dace da matsayinsa."

Washegari muka hau mota zuwa Gusau don a yi ginin. Maginin shi ne Gambo, wani mai laima a bakin kasuwa, wanda sana'arsa tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya. Gambo ya dubi tabilet, ya dubi takalmin mai ita, ya kira shi Yallaɓai. Daga nan ba a sake yin ciniki ba. Ya loda mata manhajojin wasu kamfanoni da ba wanda ya taɓa jin sunansu: kalkuleta har kala-kala, tocila, agogo mai carar zakara, da wata mai wanke na'ura daga cuta. Kowace ta shigo sai ta nemi izinin ganin hotuna, da jin murya, da sanin inda mutum yake kwana. Shugaba yana danna amincewa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa kamar ta gwamna mai sa hannu a kasafin shekara.

Sun yi aiki, kada a zalunce su. Kalkuletar tana ba da amsa daidai, bayan ka gama kallon tallan man tsiro da gashi. Mai wanke cutar kullum da safe takan sanar cewa na'urar tana bakin mutuwa, ta ba da shawarar a sauke wata ƙanwarta. Aka sauke ƙanwar, ita kuma ta ce yayar ce cutar. Suna wannan rigima na'urar takan yi zafi har a iya ɗumama ƙosai a bayanta, kafin azahar caji ya ƙare. Sai aka ƙara mini ɗaukar abin caji a ɗaya aljihun, aka kuma ƙara mini girma. Na zama Daraktan Sadarwa da Makamashi.

Amma sarauniyar manhajojin ita ce ta yanayi. Da ka buɗe ta sai gajimare ya taso a fuskar na'urar, walƙiya ta gilma, ɗigon ruwa ya riƙa gangarowa kamar ka sa hannu ka shafa. A lokacin muna ƙarshen bazara, gari ya ɗauki zafi, kowa ido a sama. Muka kewaye Shugaba a gindin dogon yaro muna kallon ruwa yana zuba a cikin gilashi. Wallahi har sanyi muka ji.

Mansura ce ta ɓata taron. Ta sa yatsa a saman hoton.

"Shugaba, ai nan Ikeja aka rubuta."

Haka ne. Na'urar ba ta da abin gane inda take. Sai manhajar ta tambayi layin wayata, shi kuwa layin wayata ya yi imani cewa duk ɗan Najeriya a Legas yake zaune. An gwada rubuta Tsafe, ta ce ba ta san wurin ba. An rubuta Gusau, ta ce wannan sai a babbar manhaja ta masu biya. Ga kowa da ke wurin magana ta ƙare. Amma ba a banza ake zama Darakta-Janar ba. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula.

"Wa ya yi darasin labarin ƙasa a sakandare?"

Dukanmu muka ɗaga hannu.

"Iskar damina daga ina take tasowa?"

"Daga teku!"

"Teku yana ina?"

"Legas!"

"To ruwan da ya sauka a Ikeja yau, gobe ina za shi? Zai koma teku ne? Arewa zai yo. Manomi yana jira sai ya ga hadari a kansa. Mu kuwa muna zaune a Tsafe muna kallon ruwa tun yana shiga mota. Wannan ba kuskure ba ne, 'yan uwa. Wannan shi ake kira gargaɗin farko."

Jahili ba zai taɓa yarda da wannan bayani ba. Sai wanda ya yi karatu. Mansura ta buɗe baki za ta sake magana, aka naɗa ta Daraktar Bincike, ta rufe. Daga ranar 'yan tasha suka sa masa Farfesan Gajimare. Ya ji, ya kuma ce a riƙa rubuta shi a takardun ƙungiya.

Irin wannan ilimi ba a ɓoye shi a gari ɗaya. Aka shirya taro a Bungudu, inda wani ɗan uwan Shugaba, malamin firamare, ya buɗe mana aji ranar Asabar. Sunan taron, Taron Ƙasa da Ƙasa Kan Noman Zamani. Ya kuma cika sunansa, domin wani mutumin Nijar mai tallan agogo ya shigo shan inuwa. Manoma suka zo, dattawa masu kunya, suka lanƙwashe a kujerun yara. Farfesa ya ɗaga na'ura sama, ni ina tsaye a bayansa kamar dogari, ya yi musu bayanin teku da iska da makomar Afirka. Ana tsakiyar makomar Afirka wani talla ya faso da kiɗa, wata mata ta fito tana rawa tana nuna sabulu. Dattawa suka sunkuyar da kai suna kallon ƙafafunsu. Farfesa ya ce wannan saƙo ne daga abokan hulɗarmu na waje.

Da aka zo neman wanda zai ba da gonarsa a yi gwajin shuka da umarnin manhaja, manoman Bungudu suka nuna ƙarancin wayewa. Suka shanye ruwan ledar da aka raba, suka tambaya ko akwai taki, suka yi mana addu'ar sauka lafiya.

A mota, muna dawowa, Shugaba ya yi magana yana kallon taga.

"Tarihi yana neman gona guda ɗaya, Sadarwa. Duk wanda ya ba da ita, sunansa zai shiga rahoton da zan kai wa ƙungiyoyin waje. Su kuwa ba sa karanta suna su bar mai shi a gindin bishiya."

Bai dube ni ba. Ba ya buƙata. Ni kaɗai ne a kusa, kamar kullum.

A satin aka yi ɗan yayyafi, irin wanda ke tayar da ƙamshin ƙasa ya tafi. Ba wanda ya taɓa sungumi a garin. Sungumi, ga wanda ya tashi a birni, shi ne doguwar fartanyar da ake sara ramin shuka da ita. Mutane suka leƙa gona, suka dawo suka ci gaba da jira. A Ikeja kuwa, bisa ga na'ura, ruwa ne kullum har iya inda hasashe ya kai.

Darakta-Janar ya kawo ziyarar aiki gidanmu. Inna ta shimfiɗa masa tabarmar baƙi, ta dama fura da nono mai kauri. Tun da na dawo da digiri Inna take ce mini Malam, kuma ba da wasa take faɗa ba. Ganin shugaban su Malam a tsakar gidanta ya sa ta rasa inda za ta sa kanta. Ya nemi duba irin da idonsa. Aka buɗe rumbu, ya hau kan turmi, ya zura kai da na'ura, ya kunna manhajar tocila. Da yake na'urar ba ta da fitila, abin da manhajar ke yi shi ne ta mayar da fuskar fara fat. Ta haska fuskar Shugaba sosai. Cikin rumbu ya zauna da duhunsa. Ya sauko ya ce ya gamsu da ingancin irin.

A gidanmu, kamar kowane gida, ba a fitar da iri duka. Rabi ake shukawa, a ɗaure rabi saboda maimai, wato sake shuka idan ta farko ta ƙone. Inna ta faɗi haka cikin ladabi. Farfesa ya ajiye ludayi.

"Inna, ajiye rabin iri al'ada ce ta zamanin da ba a san gobe ba. Yanzu an san gobe. Ga ta nan." Ya juya mata gilashin, ruwa yana zuba. "Idan aka shuka duka yanzu, aka cika gonar har gefe, geronki zai riga na kowa. Ranar da maƙwabta ke fara sara, ke kina fara noma. Rabin iri rabin imani ne da kimiyya."

Inna ta daɗe tana kallon ruwan. Ta kai hannu ta taɓa gilashin, ta duba yatsanta. Sannan ta juyo gare ni.

"Malam, kai mi ka gani ga wanga al'amari?"

Na yi shekaru ina jiran ranar da za a tambaye ni ra'ayi a gidan nan. Na gyara murya.

"Inna, iskar damina daga teku take tasowa."

"To," in ji ta. "Ai don hakanga anka kai ku makaranta."

Ta sussuke irin duka, har wanda ke ɗaure a tsohon zanen Baba.

Ranar shuka rana ce ta tarihi. An kafa allo a bakin gona mai ɗauke da sunan ƙungiya da na Darakta-Janar, sunan Inna bai samu wuri ba. Ni ke sara da sungumi, Inna tana bina tana jefa iri tana rufewa da diddige. Shugaba yana ƙarƙashin tsamiya yana sa ido kan Ikeja. Duk sanda na kai ƙarshen kunya sai in ji murya daga inuwa: "Sadarwa! Sabis ya yanke!" In yar da sungumi in sheƙo a guje, sabis ya dawo, in koma. Rana ta take tsaka kafin ya faɗo mini cewa ina iya barin wayar a wurinsa. Digirina na kimiyyar siyasa ne.

Malam Yusha'u, maƙwabcinmu na gona, ya wuce a kan keke. Ya rage gudu, ya dubi sama, ya dube mu.

"Sannunku da aiki. Yanzu?"

"Yanzu," in ji Farfesa daga inuwa.

"Allah shi ba da sa'a."

Daga nan aka shiga ruwa, a Ikeja. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. A gilashin Shugaba walƙiya ba ta hutawa, har rediyo ya ce tituna sun cika a can. A Tsafe kuwa rana ta fito da sabon ƙarfi. Ɗan danshin da yayyafin ya bari ya isa ya tada irin, bai isa ya riƙe shi ba. Geron Baba ya tsiro, siriri, kore, layi-layi, abin sha'awa. Shugaba ya ɗauki hoto. Bayan 'yan kwanaki ganyen ya fara naɗewa.

Kullum da yamma ina tambaya, kullum akwai amsa. Ruwa ya baro Ibadan. Ruwa ya kwana a Ilorin. Akwai alamun ya tsaya a Kontagora saboda yanayin tsaunuka. Wata rana aka ce mutanen Funtua ne suka tare shi. Na fara ɗibar ruwa a jarka ina bin kunya-kunya ina ɗiga wa tsiron, ni kaɗai, a gona guda, kamar mai ba marar lafiya magani da cokali. Ƙasa tana shanyewa kafin in ɗaga ƙafa. Tsiron ya yi ja, ya kwanta, iska ta kwashe.

Inna tana zuwa gonar kowace safiya. Ta tsuguna, ta tona rami da yatsa, ta duba, ta mayar da ƙasa ta rufe kamar akwai abin da ya rage. Ta dawo gida ta ɗora tukunya. Da ta zage ni da na samu barci. Sai dai ta miƙo mini tuwo ta ce, "Malam, ci mana."

Aka kira taron gaggawa a gindin dogon yaro. Na zo ina tsammanin ganin mutumin da ya karaya. Ashe ban san manya ba.

"'Yan uwa, ina taya mu murna. Gwajinmu ya kammala cikin nasara. Mun tabbatar, a karon farko a tarihin ƙasar nan, cewa ruwan Ikeja ba ya biyowa ta Tsafe. Babu jami'ar da ta taɓa gano wannan. Idan akwai 'yar tangarɗa, daga manhajar ce, kuma na kore ta daga aiki. Na sauke wata, ta Jamus."

Ya buɗe ta Jamus. Ita ma Ikeja ta ce. Aka tafa. Na duba ƙasa na ga hannuwana suna cikin masu tafin.

Ruwan gaskiya ya zo wata la'asar, ba tare da ya sanar da kowa ba. Gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe rumfar mai shayi, aka yi ta zubawa har lungu ya zama kogi. Da gari ya waye duk Tsafe ta fita. Maza da sunguma a kafaɗa, mata da ƙore a ka, tsofaffi a kan jakuna, kowa yana sauri kafin ƙasa ta sha iska. Inna tana zaune a bakin ɗaki da ƙwarya a gabanta, babu komai a ciki.

"Malam," ta ce, ba ta ɗago ba, "shekarar da babanku zai rasu ya ɗibar ma Malam Tukur wanga iri. Tahi ka gani, ko Allah ya sa sun riƙe shi."

Malam Tukur shi ne mahaifin Darakta-Janar.

Na je gidan aka ce duk suna gona. Na bi su. Daga nesa na hango tsoho yana sara, wani yana binsa a baya, wando a naɗe har gwiwa, ba takalmi, ba tabarau, yana jefa iri yana rufewa da diddige, da ƙwarewar wanda aka haifa a kunya. Sai da na matso na gane Farfesan Gajimare ne. Tabilet tana rataye a reshen wani ƙaro, an ɗaure ta cikin ledar burodi saboda laima. Gonar tasu sabuwar shuka ce daga farko har ƙarshe. Ko rami ɗaya ba su sara ba lokacin da muke yin tarihi.

Na gaida Malam Tukur, sannan na juya.

"Shugaba, ashe ku ba ku shuka ba?"

Ya miƙe, ya laluba aljihu, ya sa tabarau. Nan take ya dawo Darakta-Janar daga wuya zuwa sama.

"Sadarwa, ka ba ni mamaki. A kowane bincike akwai gonar gwaji, akwai gonar kwatance. Taku ta gwaji ce, tamu ta kwatance. Kana tsammani da sauƙi na hana gidanmu shiga tarihi? Sadaukarwa ce."

Malam Tukur bai san ana bincike ba. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya jingina sungumi, ya je gindin ƙaro ya kwance wani ƙullin buhu.

"Irin babanka na, ɗana. Shi munka aje na maimai. Kai ma Rakiya, ka ce ina gaishe ta. Ba ya cika gonar ba, amma ya hi babu. Ku yi sauri, ƙasa ba ta jira."

Ya juye mini a ƙwaryar da na zo da ita. Bai kai rabin abin da muka binne ba. Na karɓa da hannu biyu, ina jin idan ƙwaya ɗaya ta faɗi zan tsuguna in nemo ta. Wannan ne ƙarshen geron Baba a duniya, in ban da wanda ke cikin ƙasar gonar kwatance.

Na juya zan tafi, Shugaba ya tare ni. Ya ciro na'ura daga ledar burodi, ya sa na ɗan rusuna, ya dafa bakin ƙwaryar da hannu ɗaya, ya miƙa ɗayan ya ɗauke mu hoto, daga ƙugu zuwa sama. Ya rubuta a ƙasa, yana karantawa da ƙarfi don tsuntsaye su ji: Darakta-Janar yana raba ingantaccen iri ga manoman da sauyin yanayi ya shafa.

"Kunna data, Sadarwa. Duniya tana jira."

Na kunna. Hoton ya fara tafiya, a hankali, wani ɗan da'ira yana juyawa. Na dubi rana ta fara ɗagawa, na dubi ƙasa ta fara yin fari a saman kunya. Inna tana can da ƙwarya ba komai. Na ɗora irin a ka na kama hanya.

"Sadarwa! Sabis yana raguwa!"

Ban tsaya ba.

"Sahabi!" Muryar Malam Tukur ce daga tsakiyar gona. "Aje faifan nan ka zo ka ruhe ramu, kurciyoyi na cinye iri!"

"To, Baba! Ina zuwa, Baba! Sadarwa, dakata, ya kusa shiga!"

Na waiwaya sau ɗaya. Ga Darakta-Janar na Ƙungiyar Matasa Masu Digiri ta Tsafe da Kewaye yana tsallake kunya-kunya a bayana, taɓo har ƙauri, tabarau a karkace, ya ɗaga tabilet sama da hannu biyu yana miƙo ta wajen aljihuna, kada ya yi nisa. Masu shuka a gonakin gefe suka dakata suna kallo. Tsoho yana kira ta baya, iri yana kaina, rana tana hawa.

Ni kuwa, Allah ya shirye ni, sai na rage sauri.